Gardamar Sabuwar Bentley A Sule Tankarkar: Ina Ruwan Biri Da Gada?

Kwanakin baya na je gida Sule Tankarkar domin ɗaurin auren 'yar wani aminina, kuma kamar yadda aka saba, bayan sallar isha'i muka baje tabarmi a ƙofar gidan yayana, aka aika wa mai shayi, hira ta ɓarke. An taɓa farashin gero da riɗi, an taɓa siyasar Dutse, an yi ta'aziyyar waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Can sai ɗan 'yar'uwata, wanda ya gama karatun injiniya yana jiran tafiya bautar ƙasa, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Kawu, don Allah dubi yadda Turawa suka ɓata motar nan." Na karɓa na duba, sai na ga wata mota ce mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa, tana sheƙi tana keta wata hanya a tsakanin duwatsu. Ya ce sabuwar Bentley Continental GT ce. Kafin wayar ta gama zagaya majalisa, gardama ta kaure, ba a tashi ba sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan biri da gada? Mutanen da a cikinsu babu mai motar da ta wuce tsohuwar Golf ko Corolla 'yar Kwatano, me ya haɗa su da motar da ko a Abuja sai an tona kafin a ga irinta? Ni ma haka na ɗauka da farko. Amma da na koma bakin aiki na yi ta juya maganganun da aka yi a daren nan, sai na fahimci cewa ba a kan mota muka yi gardama ba. A kan dukiya muka yi, da sana'a, da shugabanci, da kuma inda duniya ta dosa ta bar mu a tsaye. Shi ya sa na ga ya dace in kawo batun wannan fili.

Bari in fara da bayanin ita motar, domin wanda bai san ta ba. Kamfanin Bentley na Ingila an kafa shi a 1919, kuma tun 1998 yana hannun kamfanin Volkswagen na Jamus, kodayake har yanzu a garin Crewe na Ingila ake ƙera motocinsa. A 2003 ya fito da Continental GT, mota ce daga cikin jinsin da Turawa suke kira na doguwar tafiyar alfarma. Sunan ya samo asali ne daga wata al'ada ta 'ya'yan masu hannu da shuni na Ingila a ƙarni na 17 da na 18, inda saurayi kan ɗauki watanni ko shekaru yana zagaya Faransa da Italiya domin buɗe ido kafin ya zauna ya gaji gidansu. Saboda haka manufar irin wannan mota ita ce ta haɗa gudun motar tsere da jin daɗin falon gida, mutum ya yi tafiyar kilomita ɗaruruwa ya sauka ba tare da ciwon baya ba.

Abin da aka fi sanin motar da shi shekara ashirin shi ne injinta mai silinda 12, da kuma fitilunta na gaba guda huɗu masu da'ira. To a watan Yunin 2024 kamfanin ya fito da sabon samfuri, ya sauke injin mai silinda 12 wanda ya ƙera fiye da dubu 100 irinsa, ya maye gurbinsa da mai silinda 8 wanda aka haɗa da injin lantarki da batirin da ake caji a bango kamar waya. Fitilu huɗu suka koma biyu. Sabuwar tana da ƙarfin dawakai fiye da 770, alhali wadda ta gada tana da kimanin 650. Daga tsaye takan kai gudun kilomita 100 a cikin daƙiƙa 3.2, ƙarshen gudunta kuwa kilomita 335 a awa. Za ta iya tafiyar kimanin kilomita 80 da lantarki zalla ba tare da ta sha ɗigon fetur ba. Nauyinta ya kusa tan biyu da rabi. Kuɗinta a lokacin da ta fito ya kai wajen dala dubu 300 a Amurka.

A can ƙasashen da ake sayenta ma an yi ta cece-ku-ce. Wasu masu sha'awar motoci sun ce an cire wa motar ruhinta, domin rugugin tsohon injin shi ne abin da ya bambanta ta da sauran, kuma batir ya ƙara mata nauyi. Wasu kuma sun ce ai ga ta nan ta fi ta dā ƙarfi da gudu, ta kuma rage hayaƙi, to kukan me ake yi? Ɗan 'yar'uwata yana cikin rukunin farko. A ganinsa mota mai batir ba mota ba ce, na'urar wanki ce da aka sa wa taya.

A majalisarmu kuwa ra'ayi ya kasu uku. Matasa suna tare da shi, ko dai suna kukan tsohon inji ko suna yabon sabon, amma dukansu ido ya raina fata, kowa yana cewa in Allah Ya ba shi sai ya hau irinta. Wani malamin makarantar Islamiyya da ke zaune tare da mu ya ce wannan almubazzaranci ne tsagwaronsa, ya kawo labarin Ƙaruna da yadda ya fito wa mutanensa cikin ado har masu raunin zuciya suka yi burin su zama irinsa, da kuma yadda ƙarshensa ya kasance. Na uku shi ne wani dattijo tsohon direba, wanda ya yi shekaru yana jigila tsakanin Kano da Gumel da Maigatari tun zamanin Peugeot 404, wadda muke kira Fijo. Shi bai yaba ba, bai kuma kushe ba. Ya riƙe wayar ya daɗe yana kallo, sannan ya dubi yaron ya ce, "Ɗana, motar ta yi kyau. Amma gaya mini, in ta tsaya maka a cikin yashin hanyar ƙauyenmu, wa zai buɗe ta?"

Ni dai ina ganin kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma kowanne ya tsaya a rabin hanya. Zan ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Da farko, ban yarda cewa sha'awar abu mai kyau laifi ba ce. Bahaushe bai taɓa zama baƙo ga abin hawa na alfarma ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah a Gumel ya ga ingarmun dawakai da sirdi da likkafa da jalala da linzami na azurfa, ya san cewa kakanninmu ma suna da tasu Bentley ɗin, mai ƙafa huɗu ce kawai. Doki mai kyau ba don ya fi jaki kai kaya kasuwa ake sayensa ba, don ƙawa ne da martaba. Addininmu ma bai haramta wa mai halali ya ci mai kyau ya sa mai kyau ya hau mai kyau ba. Saboda haka idan ɗan kasuwa ya yi fataucinsa tsakani da Allah, ya fitar da zakka, ya biya ma'aikatansa, ya biya kwastan haƙƙinta, sannan ya sayi motar da ransa yake so, ban ga hurumin da nake da shi na zaginsa ba. Hassada ga mai rabo taki ce.

To amma akwai bambanci babba tsakanin dokin hawan sallah da wannan mota, kuma nan ne matasanmu ba su duba ba. Dokin nan a ƙasarmu aka haife shi ko aka sayo shi daga maƙwabta. Sirdinsa masassaƙinmu ne ya sassaƙa, badukunmu ya lulluɓe shi da fata. Likkafa da linzami maƙerinmu ne ya ƙera. Jalala maɗinkinmu ne ya yi mata aiki. Harawa da dusa da gero manominmu ne ya sayar. Ga ɗan muri mai kula da barga. Wato alfarmar basarake guda ɗaya tana ciyar da gidaje goma a cikin gari. Ita kuwa Bentley, daga ƙusa har fenti babu abin da hannun ɗan Nijeriya ya taɓa. Mutum kimanin dubu huɗu ne suke cin abinci a masana'antar Crewe, kuma duk kuɗin da attajirinmu ya zuba, can yake tafiya ya biya albashinsu da kuɗin horar da yaransu sana'a. Abin da ya rage mana a nan shi ne ladan dillali da na mai wanke mota. Zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan fanni shi ne batun fata. Kujerun wannan mota da fatar bijimai ake lulluɓe su, kuma kamfanin yakan zaɓo ta ne daga arewacin Turai, inda sanyi ya rage cizon ƙwari, saboda haka fatar ba ta da tabo. Mu kuwa ga kasuwar Maigatari a bakin ƙofarmu, ɗaya daga cikin manyan kasuwannin dabbobi a Afirka ta Yamma, inda duk ranar Alhamis shanu da raƙuma da tumaki da awaki suke shigowa daga Jamhuriyar Nijar da sauran wurare, a loda su a tireloli zuwa Kudu. Ina fatunsu suke ƙarewa? Ta saniya akasari a tukunya take ƙarewa a matsayin ganda. Wadda ta tsira kuma kaska da ƙaya da lalas da wuƙar mahauci sun riga sun rage mata daraja. Ta awaki da tumaki, wadda tun ƙarnoni da suka wuce fatake suke ketare Sahara da ita har Turawa suka yi zaton ta Maroko ce, yau majemun Challawa da Sharaɗa a Kano suna jeme ta su tura Italiya da Sifen, a can a mayar da ita jaka da takalmi a sa mata sunan wani, a dawo mana da ita da tsada. Muna da cibiyar binciken fata a Zariya, muna da dabbobin, muna da tarihin sana'ar. Abin da muka rasa shi ne haɗa su wuri guda.

Na biyu, maganar malam. Na yarda da shi cewa akwai almubazzaranci, amma ina so mu auna abin da lissafi maimakon mu tsaya a kan wa'azi kawai. In muka ɗauki dala a kan naira 1,500, kuɗin motar nan ya kama naira miliyan 450 ke nan, tun kafin a biya jirgin ruwa da kwastan. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira dubu 70 ne a wata, wato naira dubu 840 a shekara. Ma'aikacin da yake kan wannan mataki sai ya yi shekara fiye da 530 yana aiki, bai ci ba bai sha ba, kafin ya tara kuɗinta. Ga kuma wani abu da malamai suka fi ni sani: abin hawan da mutum ya saya domin amfanin kansa ba a fitar masa da zakka. Da wannan kuɗi a ajiye yake ko a cikin kasuwanci ya shekara, haƙƙin talaka a cikinsa ya haura naira miliyan 11 a kowace shekara. Ranar da aka mayar da shi mota, wannan haƙƙi ya tsaya, motar kuma ta fara zubar da daraja tun daga ranar da ta bar kanti. Shari'a ba ta hana ba, amma mai hankali ya san abin da al'umma ta rasa.

Wace al'umma kuma? Ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 ta nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 133 suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, wato rashin lafiya da ilimi da ruwa da muhalli, kuma Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani, inda ya shafi fiye da kashi 80 cikin ɗari na jama'a. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira dubu kafin ƙarshen 2024. Ba mu manta da daren 15 ga Oktoban 2024 ba, lokacin da tankar mai ta faɗi a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa, wuta ta tashi ta cinye fiye da mutum 150, akasarinsu matasa majiya ƙarfi. Allah Ya jiƙansu. A jihar da mutum zai sayar da ransa saboda bokitin fetur, wucewa da motar naira miliyan 450 ta gaban jama'a yana buƙatar bushewar ido ta musamman.

Amma inda na ɗan saɓa da malam shi ne, ya ɗora laifin duka a kan attajiri, alhali babbar ɓarnar ba a can take ba. Attajiri da kuɗinsa ya saya. Wanda ya kamata mu tuhuma shi ne mai hawa da kuɗinmu. A 2013 ƙasar nan ta ɗauki zafi a kan motoci biyu ƙirar BMW masu sulke da wata hukumar sufurin jiragen sama ta saya a kan naira miliyan 255. A 2023, watanni kaɗan bayan an ce wa talaka ya ɗaure ciki, 'yan Majalisar Tarayya, su 469, aka saya musu manyan motocin ƙasar waje waɗanda jaridu suka ruwaito cewa kowacce ta haura naira miliyan ɗari, hujjarsu kuwa ita ce hanyoyin mazaɓunsu ba su da kyau. Jama'a, wa ya kamata ya gyara hanyoyin? Wannan ita ce Bentley ɗin da ta shafe mu kai tsaye, ko da sunanta Prado ne ko Land Cruiser, domin daga asusun asibiti da makaranta aka cire kuɗinta.

Ba yau aka fara wannan kuka ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, tun jihadi bai gama kafuwa ba, ya koka da yadda wasu daga cikin jama'arsu suka karkata ga tara tufafin ƙawa da dawakan sukuwa a cikin gari, har ransa ya ɓaci ya kama hanyar gabas, sai a Kano aka roƙe shi ya tsaya. A zamaninmu kuma, waɗanda suka manyanta za su tuna cewa bayan kisan Janar Murtala Muhammed a ranar 13 ga Fabrairun 1976, gwamnatin soja ta Obasanjo ta ɗauki tsarin rage facaka, inda Peugeot 504 da ake harhaɗawa a Kaduna ta zama motar jami'an gwamnati tun daga sama har ƙasa. Ba na cewa mutanen wancan zamani mala'iku ne. Amma wannan mataki guda ɗaya ya sa masana'antar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta riƙa fitar da dubun-dubatar motoci a shekara, ta ɗauki dubban ma'aikata, kuma kowane bakanike daga Legas har Maigatari ya san cikin Fijo kamar yunwar cikinsa. A lokacin akwai Volkswagen a Legas, da Steyr a Bauchi, da masana'antar manyan motocin Fiat a Kano, da ta Marsandi a Inugu. Da gwamnati ta juya musu baya ta koma sayen na waje, ɗaya bayan ɗaya suka durƙushe ko suka koma inuwar kansu.

Wannan ya kawo ni ga tambayar tsohon direba, wadda a ganina ita ce mafi nauyi a duk abin da aka faɗa a daren: wa zai buɗe ta? Ɗan 'yar'uwata yana kukan an cire inji mai silinda 12, bai tambayi kansa dalilin cirewar ba. Kamfanin da abokan cinikinsa ba su taɓa damuwa da kuɗin fetur ba, me zai sa ya sa wa motarsa batir? Dalili shi ne doka da kasuwa sun juya. A 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da ta nufi hana sayar da sababbin motoci masu fitar da hayaƙi daga 2035, kodayake an yi ta ja-in-ja a kan sassauta ta. Shi kansa Bentley a 2020 ya yi alkawarin komawa lantarki zalla kafin 2030, daga baya a 2024 ya ɗaga zuwa 2035. Ana iya jinkirta ranar, amma alƙiblar ba ta sauya ba. Ƙasar Sin kuwa tuni ta yi nisa, ita ce kan gaba a duniya wajen ƙera motocin lantarki da batiransu.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Wannan sauyi zai iso mu ta ƙofa biyu. Ƙofa ta farko ita ce asusun gwamnati. Jigawa, tun da aka ƙirƙire ta a ranar 27 ga Agustan 1991, mafi yawan abin da take kashewa daga kason tarayya yake zuwa, shi kuma kaso mai tsoka nasa daga ɗanyen mai ne. Albashin malamin firamare a Gagarawa da na ma'aikacin jinya a Sule Tankarkar yana da alaƙa da yawan man da direbobin duniya suke ƙonawa. Ranar da masu kuɗin duniya da talakawanta suka rage shan mai, mu ne za mu ji a jika. Ƙofa ta biyu ita ce gareji. Mu ba masu sayen sabuwar mota ba ne, abin da Turai da Amurka suka hau shekara goma ko sha biyar suka gaji shi muke karɓa ta Kwatano da Legas. Ma'ana, abin da ake sayarwa sabo a can yau, shi ne zai cika tashoshinmu nan da 'yan shekaru. Motoci ne masu batir mai ƙarfin wutar da zai iya kashe mutum nan take in ya taɓa inda bai dace ba, kuma ba a gano cutarsu da kunne ko da ɗanɗana mai a harshe, sai da kwamfuta. Bakaniken da ya koyi aiki a gindin bishiya da sifana da guduma, wanda ya riƙe mana Fijo da Golf da J5 shekara da shekaru, ina makomarsa? Ina makomar yaran da ke ƙarƙashinsa?

Ga kuma wutar da za a yi cajin. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun kwana fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Ko da wuta tana nan, kilomita 80 da sabuwar Bentley take yi da batir ba za su kawo ta Gumel daga Kano ba. Gudun kilomita 335 kuwa, a ƙasar da doka ta tsayar da ƙaramar mota a kan kilomita 100 a babbar hanya, kuma a hanyar da kurar shanu da garken awaki da ɗan acaɓa suke ketarawa ba sallama, ba shi da wani amfani sai na gaggauta zuwa lahira. An yaba wa gwamnatocin Jigawa a kan shimfiɗa kwalta, kuma yabon yana kan hanya, to amma da zarar ka sauka daga kwalta ka nufi ƙauyukan da ke bakin iyaka, rairayi ne mai haɗiye taya.

Tsohon direban nan ya ba mu labarin da ya sa majalisa ta yi tsit. Ya ce a shekarun da yake aiki, ba ya iya ƙirga daren da aka buga masa ƙofa domin ya ɗauko mace mai naƙuda daga ƙauye, wani lokaci sai an ɗoro ta a kurar shanu an kawo ta bakin hanya domin motarsa ba za ta iya shiga ba. Wasu sun isa asibiti da rai, wasu a kujerar bayansa suka cika. Ya ce shi a duniya bai san motar alfarma da ta wuce wadda ta tashi a bugu ɗaya a irin wannan dare ba. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne, kuma jinkirin isa asibiti yana cikin manyan dalilai. Wannan ne ya sa aka ɓullo da shirin Haihuwa Lafiya a Jigawa da kuma tsarin da direbobin ƙungiyar sufuri suke ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa. Kuɗin Bentley guda ɗaya zai sayi ƙananan motoci masu yawa na irin wannan aiki.

To mene ne abin yi? Ba na cikin masu cewa a hana matasa kallon irin waɗannan motoci ko a kashe musu buri. Abin da nake so shi ne a juya burin, daga na hawa zuwa na ƙerawa. Muna da misali a gida. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, wanda ya yi karatu a kwalejin fasaha ta Birnin Kabi kafin jiharsa ta ɗauki nauyin karatunsa a Detroit ta Amurka, shi ne ya zana siffar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna wa duniya a 2007, mota mai haɗa batir da injin fetur, wato dabarar da Bentley ya sa wa Continental GT shekara 17 bayan haka. Daga baya ya dawo ya shugabanci hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa daga 2017 zuwa 2023. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya fara da cire injin ƙananan motocin haya yana sa musu batir da farantan hasken rana. Waɗannan ba aljanu ba ne, 'ya'yan Arewa ne da suka sami wanda ya riƙe musu tsani, ko suka kafa nasu da kansu.

Saboda haka ina kira ga gwamnatin Jigawa da ta dubi abubuwa uku. Na ɗaya, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Ɓaɓura, maƙwabciyarmu, ga kwalejojin fasaha a Kazaure da Dutse da Haɗeja. A haɗa kai da su a buɗe gajerun kwasa-kwasai da Hausa domin bakanikai da masu gyaran wayar mota da ke Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, a koya musu aikin batir da na'urar gano cutar mota, a ba su kayan aiki bashi mai sauƙi. Rana kuwa Allah Ya hore mana ita fiye da Ingila, babu dalilin da zai hana tashoshin mota su sami rumfunan caji na hasken rana, a fara da babura da A Daidaita Sahu. Na biyu, yankin ciniki maras haraji na Maigatari, wanda aka kafa tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, a nema masa masu jarin da za su sarrafa fata a nan inda dabbobin suke, tare da wayar da kan makiyaya da mahauta a kan yadda ake kare ta daga tabo. Na uku, a kafa doka mai haƙori cewa duk motar da za a saya da kuɗin jama'a ta kasance wadda aka harhaɗa a Nijeriya, ko ta Kaduna ce ko ta Nnewi, kuma a bayyana wa jama'a farashinta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ga 'yan'uwana ma'aikata da 'yan boko kuma, mu ma da namu laifin. Mu ne muke tashi tsaye mu ba mai babbar mota wuri a ɗaurin aure ba tare da mun tambayi inda ya samo ba, mu bar malamin da ya koyar da mu a tsaye a rana. Muddin girman mutum a wurinmu yana rataye da abin da ya hau, to yaranmu za su nemi abin hawan ta kowace hanya, kuma ba mu da bakin yi musu faɗa.

Da za mu tashi a daren nan, na ce wa ɗan 'yar'uwata, "Kai da ka karanta injiniya, maimakon kukan injin da aka binne a Ingila, me zai hana ka je garejin Baba ka ga abin da yaransa suka iya, su ma su ga abin da ka iya?" Ya yi dariya ya ce, "To Kawu, in sha Allahu." Washegari da hantsi, ina shirin komawa, na hango shi a garejin, ya naɗe hannun riga, shi da wani yaro sun sunkuya a kan wata tsohuwar Golf da aka ɗaga bakinta.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya sa wa dukiyar masu dukiyarmu albarka, Ya kuma ba matasanmu sana'ar da za ta riƙe su. Amin.